Filin Masu Mota: Lita nawa na fenti zai ishi Corolla?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba mai fenti. Ni malamin makaranta ne a Unguwar Rogo, nan Jos. Ina da Corolla ƙirar 2005, ruwan azurfa. Rana ta cinye saman bonet da rufin, fentin yana ɓarewa fari-fari, sauran jikin kuma duk ya dushe. Kuɗin da masu fenti suka yanka mini ya fi ƙarfina, shi ya sa nake so in yi da kaina a hutun Disamba. Surukina zai ara mini kwamfiresa da bindigar feshi. Na shiga Dilimi tambaya, wani mai shago ya ce lita 2 ya isa, wani kuma ya ce kada in kuskura in fara ba galan a hannu. Na wa zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ɗalibai fahimta. Wanda ya ce maka lita 2 yana maganar fentin da ke cikin gwangwani ne, tun ba a zuba masa tina ba, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, kuma a hannun wanda feshi ya zama sana'arsa. Mai galan kuwa, ina kyautata zaton abin da zai bi ta bakin bindiga yake nufi bayan an gama haɗi. Galan a kasuwarmu lita 4 ne, kuma lita 2 na launi in ya haɗu da lita 2 na tina, galan ɗin ke nan. Kai da wannan ne karonka na farko, in ka tsaya a nan fenti zai yanke maka kana tsakar aiki. Lita 3 na launi za ka saya. Bari in nuna maka inda na samo ukun, don gobe in wata mota ce a gabanka ka yi lissafin da kanka.

Ba fenti ɗaya ke jikin motarka ba. Ruwan azurfa fenti ne mai ƙyalƙyali, irin wanda muke kira Autobase a gareji ko da wane kamfani ne ya yi shi. Shi kaɗai ba ya sheƙi, ba ya jure rana, sai an rufe shi da kiliya, ruwan nan marar launi da ake haɗawa da hadina, sinadarin da ke sa ta ƙame ta yi tauri. Abin da ka ga yana ɓarewa a bonet da rufi, kiliyar ce rana ta ƙone. A ƙarƙashin launin kuma akwai faraima, shafin farko da launi ke kamawa a kansa. Lissafi uku ke gabanka ke nan, kowanne da haɗinsa.

Ka samo tef ɗin awo irin na kafinta, ka sa yaro ɗaya ya riƙe maka bakinsa, ka bi motar gaɓa-gaɓa kana buga tsawo sau faɗi. Gilashi da fitilu ba sa ciki. A irin Corollarka, bonet zai ba ka wajen murabba'in mita 1 da rabi, rufi ma haka. Murfin but mita 1. Ƙofofi huɗu, daga ƙasan gilashi zuwa ƙasa, mita 3 gaba ɗayansu. Fendojin gaba biyu mita 1, kwiɓin baya biyu tare da ginshiƙan da ke hawa zuwa rufi mita 2, bamba gaba da baya su ma mita 2. Ka tara, za ka ga 12. In awonka ya ba ka 11 ko 13 kada ka damu, ba ɗinkin riga ba ne.

Ruwan azurfa yana son zagaye uku: biyu na rufe tsohon launi, na uku kuma marar nauyi, daga ɗan nesa, don ƙyalƙyalin ya kwanta bai ɗaya. Mita 12 sau 3 ya zama 36. A hannun gwani mai bindiga mai kyau, ni nakan ɗauka lita 1 na haɗaɗɗen fenti zai rufe wajen mita 8 a zagaye ɗaya. A hannun sabon shiga ba na lissafa fiye da 6. Ka raba 36 gida 8, lita 4 da rabi. Ka raba shi gida 6, lita 6 cif. Yawancin fentin Autobase ana haɗa shi kashi ɗaya na launi, kashi ɗaya na tina, to rabin lita 6 shi ne lita 3 ɗin da na faɗa maka, da lita 3 na tinarsa. Sai dai ka karanta jikin gwangwanin da ka saya, domin akwai masu son kashi biyu na launi da kashi ɗaya na tina. In irinsa aka ba ka, launin ya tashi lita 4.

Za ka ce me ya sa na rage maka daga 8 zuwa 6, ko raini ne. Ba raini ba ne, Malam. Fentin da ke fita daga bindiga ba duka ke sauka a mota ba. Bindigar zamani mai rubutun HVLP a jiki, in an saita ta daidai, kusan kashi biyu cikin uku na fentin take saukewa a ƙarfe. Tsohuwar bindiga mai ƙarfin iska kuwa, fiye da rabi a iska yake tafiya, shi ne hazon nan da kake gani ya turnuƙe gareji. Sannan ga hannu. Gwani yana riƙe bindiga taƙi ɗaya daga jikin mota, santimita 15 zuwa 20, yana tafiya da ita a miƙe, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi, yana sakin kunama daidai inda ƙofa ta ƙare. Sabon hannu yana lanƙwasa wuyan hannu, tsakiya ta sha fenti da yawa, gefe ya sha kaɗan. Yana wuce ƙarshen ƙofa yana fesa wa iska. In ya ga wuri bai rufu ba sai ya tsaya a kansa, fenti ya taru ya tsiyayo, a jira ya bushe, a goge, a sake. Can ne lita guda ke salwanta.

In kana so ka san naka hannun kafin ka kashe kuɗi, ka nemi tsohuwar ƙofar mota wajen 'yan gwangwan ko a Farin Gada, ka roƙi wani mai fenti ragowar kowane launi. Ka haɗa a kofin awo mai layi-layi a jiki, ka rubuta inda ya tsaya, ka fesa wa ƙofar zagaye uku, ka sake duba kofin. Ƙofa ɗaya ba ta kai mita guda ba, wajen kashi uku cikin huɗu ce, don haka abin da ta sha ka ninka shi sau 16, ka sami abin da motar za ta sha a hannunka da bindigar surukinka. Wannan gwajin ya fi duk lissafin da na yi maka a sama, kuma ka sami koyon feshi a kan ƙarfen da ba za ka yi baƙin ciki ba in ya ɓaci.

Yanzu abin da ya sa nake matsa maka a kan lita 3 ko da zai yi ragowa. Launin mota haɗa shi ake yi a shago, daga gwangwanaye daban-daban, wani wurin a sikeli, wani wurin da ido. In naka ya ƙare saura ƙofa biyu da bamba, ka koma aka sake haɗa maka rabin lita, da wuya ya zo daidai da na farko. A inuwa ba za ka gane ba. Ranar da ka ajiye motar a rana a bakin makaranta, kowa zai ga ƙofofin baya sun fi na gaba duhu. Ruwan azurfa ya fi kowane launi tona wannan asirin. Saboda haka ka sa a haɗa maka duka a zama ɗaya, in kuma a gwangwanaye uku aka ba ka, ka juye su cikin bokiti ɗaya mai tsabta, ka gauraya sosai, sannan ka mayar. Duk lokacin da za ka ɗiba ka sake motsawa har ƙasa, don ƙyalƙyalin zama yake yi a gindin gwangwani. Ragowar kuma ba asara ba ce. Launin da ba a sa wa hadina ba yana daɗewa in murfinsa ya rufu da kyau, kuma a cunkoson Terminus ko Bauchi Road ba a rasa mai keken da zai goga maka bamba.

Kafin ka tafi shago, buɗe ƙofar direba ka duba 'yar takardar da ke manne a jikin ƙofar ko ginshiƙinta. Inda aka rubuta C/TR, harufa ko lambobi ukun farko su ne lambar launin motarka. A Toyota 040 fari ne, 202 baƙi, ruwan azurfa kuwa yana da lambobi da dama, 1F7 ɗaya ne daga ciki. Ka kwafi naka ka kai wa mai haɗi. Masu Golf nasu yana cikin but, kusa da safayar taya. Ka kuma ciro murfin tankin mai ka tafi da shi, a ɗiga haɗin a kai ku fita waje ku duba a hasken rana.

Kiliya zagaye biyu ake yi, amma a jiƙe, ta fi launi kauri. Mita 24 ke nan, a hannunka wajen lita 4 bayan haɗi. Haɗinta galibi kashi biyu na kiliya ne, kashi ɗaya na hadina, da ɗan tina kamar ɗaya bisa goma. Ka sayi lita 3 na kiliya da lita 1 da rabi na hadina, na kamfani ɗaya. A nan kada ka yi tsumulmula, kada kuma ka bi mafi araha. Jos tana kan tudun da tsayinsa ya haura mita 1,200 daga saman teku, sanyinmu yana ruɗar mutane su ɗauka ranarmu ba ta da ƙarfi, alhali ita ce ta cinye maka bonet. Kiliya marar kyau ko wadda aka shafa siririya, kafin ka farga ta fara ɓarewa a daidai wurin da ta ɓare a da.

Faraima ta danganta da yadda ka goge. Bonet da rufi dole ka cire mataccen fentin kakaf da samfefa, ka fara da mai lamba 180 ka dawo 320. In ka fesa sabo a kan kiliyar da ta saki, tare za su tashi. Waɗannan biyun da duk inda ka sa fila (abin cike lotsawa) ko ƙarfe ya bayyana su ne masu buƙatar faraima, lita 2 da hadinarta ya wadatar, galibi kashi huɗu da ɗaya. Ka zaɓi mai ruwan toka, don ruwan azurfa ya fi saurin rufe ta. Sauran jikin da fentinsa ke da lafiya, gogewa kawai yake so da 600 ko 800 har sheƙin ya mutu. Ka ƙara galan guda na tina mai araha don wanke bindiga, kada ka taɓa zuba ta cikin fenti.

Ka tambayi surukinka girman tankin kwamfiresar. In irin ƙaramar nan ce mai lita 25 ko 50, ba za ta ɗauki mota gaba ɗaya a numfashi guda ba. Kana tsakiyar rufi iska za ta yi ƙasa, fentin ya riƙa fita da manyan ɗigo, ya bushe da gurzu-gurzu kamar ɓawon lemo. Da irinta sai dai ka bi motar gaɓa-gaɓa, kana jiranta ta cika. Ka zubar da ruwan da ke taruwa a gindin tankin kafin ka fara, ka sa matatar ruwa a bakin tiyo. Kuma ka tanadi janareta. Duk abin da hadina ta shiga, awanni kaɗan gare shi kafin ya daskare a kofi, in wuta ta ɗauke kana da lita guda na haɗaɗɗiyar kiliya, ta tafi ke nan. Don haka nake cewa a riƙa haɗa iya abin da kofin bindiga zai ɗauka.

Lokacin da ka zaɓa kuma shi ne ya fi damuna. Disamba a Jos hunturu ne sosai. Da safe ƙarfen mota sanyi ƙalau, fenti ya yi kauri a gwangwani, mutum ya ga kamar tina ce ta yi kaɗan ya ƙara, da ya fesa sai ya tsiyayo. Hadina ma ba ta kamawa da kyau in sanyi ya yi ƙasa da digiri 15. Ga iska mai busar da feshin tun bai sauka ba, ga ƙura. In babu makawa sai a hutun, to ka sami rumfa mai rufi, ka kewaye ta da leda ko tamfol ta ɓangaren da iska ke shigowa, ka yayyafa wa ƙasa ruwa, ka yi feshinka tsakanin ƙarfe 11 na safe zuwa 3 na rana. Tsakanin zagaye da zagaye ka ba shi minti 10 zuwa 15, a sanyi ma fiye. Damina kuwa, musamman Yuli da Agusta, laimar iska takan sa fenti ya yi hazo-hazo, ba na ba kowa shawarar fesawa a gida a lokacin.

Sai batun ƙirjinka, kuma ina roƙonka kada ka tsallake wannan. A cikin hadina akwai sinadarin da ke jawo asma, wadda in ta kama mutum ba ta cika sakinsa ba. Na san masu sana'ar nan da numfashi ya raba su da aiki tun ƙarfinsu bai ƙare ba. Ɗaura hankici a hanci ko takunkumin yadi ba ya tare komai. Ka sayi abin rufe hanci na masu feshi mai matata biyu a gefe, da sababbin matatai, ka sa safar hannu da tabarau. Kada yara da iyali su kusanci wurin, kada a kunna wuta ko risho kusa da tina.

In da ni ne kai, ga yadda zan yi. Mafi yawan kuɗin da masu fenti suka yanka maka na guga ne da fila da liƙe gilasai da jaridu, aikin kwanaki. Wannan za ka iya da hannunka, kuma mai mota ya fi yaron gareji haƙuri a kansa. Ka gama shi tsaf, ka sayi kayanka yadda na lissafa, sannan ka yi ciniki da mai fenti a kan ranar feshi kaɗai. A hannunsa lita 2 da rabi na launi ma zai kai, ruwan azurfa kuma ba launin koyon aiki ba ne. Amma in ƙofar gwajin nan ta fito maka sumul, bismillah, Allah ya yi jagora.

TAMBAYA: Baba, ni ɗan Keke Napep ne a Bukuru. Kekena rawaya ne, ya koɗe, ga tsatsa a ƙasa. Lita nawa zan saya?

AMSA: Ɗana, kai ba ka buƙatar Autobase da kiliya. Ka sayi irin wanda muke kira Autocryl, launi da sheƙi a gwangwani ɗaya, ana haɗa shi da hadina kashi biyu da ɗaya. Lita 1 da rabi zai yi maka ciki da waje in faraimarka fara ce. In ka sa mai ruwan toka ko ja, ka shirya sayen lita 2 ko fiye, domin rawaya da ja da ruwan lemo ba sa rufe abin da ke ƙarƙashinsu da wuri, sai ka yi ta zagaye duhun yana leƙowa. Tsatsar kuma a kankare ta har farin ƙarfe ya fito, inda ya huje a yi walda. Fila a kan tsatsa damina ɗaya take yi ta kumbura. Kafin ka rufe lambar ƙungiya da ke jikin keken, ka ɗauki hotonta a waya don mai rubutu ya mayar maka yadda take.

TAMBAYA: Ina yi maka fatan alheri. Na goga bambar bayan Camry ta a ƙofar gida, a Dogon Dutse. Motar fara ce mai walƙiya. Ɗana ya ce mu sayi fentin gwangwani na fesawa ya gyara mini. Guda nawa za mu saya?

AMSA: Hajiya, barka da arziki da abin ya tsaya a bamba. Ki sa yaron ya duba lambar launin a ƙofar direba. In 070 ya gani, farin nan ne mai hawa uku: farin ƙasa, sai ruwan walƙiya a kansa, sai kiliya. Farin gwangwanin kanti ba zai taɓa zama daidai da shi ba, wurin da aka fesa zai fi gogewar muni. Gwangwanin ma, mai mililita 400, kaso mai yawa na cikinsa gas ne da tina, bamba ɗaya sai ta ci uku ko huɗu ban da na kiliya. Ki fara jiƙa wurin da ruwa ki gani. In gogewar ta ɓace sa'ad da yake jiƙe, a kiliya kaɗai ta tsaya, man goge mota zai fitar da ita ba sai an yi fenti ba. In baƙin robar ya fito, a kwance bambar a kai wa mai fenti. Rubu'in lita na farin ƙasa, rubu'in lita na walƙiya da rabin lita na kiliya za su yi, tare da faraimar roba a wurin da ya fito.

TAMBAYA: Malam, Sharon nake ja, Jos zuwa Abuja. Baƙa ce, ina so in mayar da ita fara. Wani ya ce in sayi galan na fentin mai irin na ƙofar gida, ya fi sauƙi. Ya ka gani?

AMSA: Direba, ban goyi baya ba. Fentin mai na gida yana daɗewa bai bushe ba, ƙura ta manne masa, zafin hanyar Akwanga zuwa Keffi kuma ya kashe masa sheƙi da wuri. Babbar matsalar tana zuwa ne ranar da ka so yin fentin mota na gaske: tinarsa za ta tayar da na gidan ya yamutse, sai an kankare motar gaba ɗaya. Ka sayi Autocryl fari. Sharon ta fi Corolla jiki, kuma sauya launi ya haɗa da bakin ƙofofi, cikin bonet da cikin but, in ba haka ba duk fasinjan da ya buɗe ƙofa zai ga baƙi. Ka lissafa lita 5 na launi, lita 2 da rabi na hadina, da farar faraima lita 3 zuwa 4 a jikin motar duka, don baƙi ba ya ɓuya a ƙarƙashin fari sai da ita. Launin mota yana rubuce a takardunta, saboda haka ka je ofishin lasisi a gyara kafin ka hau hanya, kada a tsayar da kai a shinge da farar mota da takardar baƙa. Masu sha'awar sauya launi kuma su guji koren soja, doka ta hana farar hula amfani da shi.